Anti, ko laifi ne in sa a dasa mini nonon roba?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 38, ina Tudun Wadan Zariya da 'ya'ya huɗu. Bara aka cire mini nonon hagu saboda sankara, na yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, aka kuma gasa wurin da na'ura. Alhamdulillahi na samu sauƙi. Amma tsumma nake cusawa a rigar nono, kuma ran bikin ƙanwata ya zame a gaban mutane. Tun ranar ban sake fita taro ba. Na ji ana dasa na roba, sai dai yayata ta ce canza halittar Allah ne. Maigidana kuwa ya ce duk yadda na ga dama. Me zan yi?

Maman Yara, Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya.

Ki gai da Yaya, ki tuna mata Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Da wannan hadisin malamai ke halatta gyaran abin da ciwo ya lalata.

Inda na fi so ki natsu shi ne batun gashin na'urar da aka yi miki. Fatar da aka gasa ba ta miƙewa kamar da, kuma naman da ke kewaye robar ya fi saurin taurarewa, ya matse ta, ya riƙa ciwo. Shi ya sa likitoci kan karkata ga ɗebo tsoka da fata daga baya, ko fata da kitsen ciki, su gina nonon da naman jikin mace. In robar ce, jaka ce mai silikon ko ruwan gishiri, kuma galibi tiyata biyu ce: a fara sa wata jakar da ake ƙara wa ruwa kaɗan-kaɗan har fata ta buɗe, sannan a musanya ta da robar. Robar ba ta dawwama, wata ran sai an canza ta. Nonon ba ya shayarwa, jin taɓi ma kaɗan ne, kar wani ya ɓoye miki wannan.

Ki nemi ganin likitan tiyatar gyaran jiki a asibitin koyarwa na Shika, da takardunki duka, bayan likitan sankararki ya amince. Ki tambayi kuɗin kowane mataki tun farko.

Kafin nan, ki rabu da tsumma. Akwai nonon silikon na sawa cikin riga mai aljihu, ba ya zamewa. Ki saya, ki koma biki. Maigida kuma ki zaunar da shi, "yadda kika ga dama" ba ta isa amsa ba, ya raka ki Shika.

Anti