Sakhr AX-170 ba ta ganin diraif ɗin waje

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar kwamfutar Sakhr, samfurin MSX, da ka saya a kasuwar Sawarikh ta Jidda tana rubuta maka "Disk offline" duk sanda ka sa faifan floppy a diraif ɗin waje. Kwantar da hankalinka, tunda har ta rubuta haka, katirijin da ke haɗa diraif ɗin da kwamfutar yana aiki.

Fara da faifan. Injinan MSX faifan 720KB suka sani, wasu tsofaffin diraif ma 360KB kawai. Na 1.44MB da ya cika kasuwa a da ba nasu ba ne. In shi kaɗai gare ka, liƙe ramin kusurwar da ba shi da ɗan murfi da salatif kafin ka yi masa fomat a PC, ko da yake ni ban cika yarda da wannan dabarar ba.

Amma zargina ya fi karkata ga bel ɗin robar da ke juya faifan. Shekara 40 a zafin Jidda, narkewa yake ya koma kamar kwalta. Kasa kunne: in motar cikin diraif na kuka faifai bai juya ba, shi ne. Goge da sifirit, ka sa sabo.

In kwamfutar ta tsaya a BASIC, manhajar da ke cikinta, ba ta shiga MSX-DOS, manhajar da ke tashi daga faifai, ba, duba ko MSXDOS.SYS da COMMAND.COM na kan faifan. Kuma don Allah kar ka zare katiriji wuta na kunne.