Ƙanena, kafin Hajiya ta daka maka yajin tafiya

Na ga saƙonka. Maganar haya da rigar sanyi ta jira tukuna. Layin ƙarshe ne ya tsaya min a rai, inda ka ce in ka ci gyaɗa leɓenka yana kumbura, maƙogwaronka yana ƙaiƙayi, kana tambaya ko sai ka rubuta a takardun makaranta tunda Piriton ɗaya ke kwantar da shi.

Rubuta. Kuma ka daina cewa cikinka ne ba ya so. Wanda cikinsa bai karɓi abu ba, kumburin ciki yake yi ko zawo, ya sha wuya ya miƙe. Kumburin leɓe da shaƙewar wuya aikin garkuwar jiki ne, shi likitoci ke kira alaji. Yau ya tsaya a borin jini, wata rana ya toshe numfashi cikin mintoci, kuma a lokacin Piriton ba ya fid da kowa.

A kan 'yata na koya, a nan Manchester. Walimar Sallah ce, na bi matan wurin ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu ba ta cin gyaɗa. Duk da haka wata baiwar Allah ta miƙa mata tsire, wai ai nama ne da yaji. Yajin tsire kuwa me aka daka a ciki in ba ƙuli-ƙuli ba? Muka ƙare Sallah a motar asibiti. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar da ta biyo baya, cewa iyayin 'yan Turai ne, ina aka taɓa jin jikar manomin gyaɗa, 'yar garin dalar gyaɗa, tana gudun gyaɗa. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa ni da wasu.

Kanti bai cika ba ni tsoro ba. Dokar Ingila ta tilasta a bayyana abubuwa 14 masu tayar da alaji a jikin kwali, har da gyaɗa da riɗi. Daga Oktoban 2021 ta haɗa da abincin da aka naɗe a cikin shagon, bayan mutuwar wata yarinya, Natasha Ednan-Laperouse, a 2016 saboda riɗi a burodi. Tukunyar mutanenmu ce ba ta da rubutu. Miyar taushe, kunu, labun kilishi, naman da aka soya da man ƙuli: mai girkin ma mantawa take yi ta saka. Gidajen abinci kuma ka tambaya, ka sake tambaya. A 2016 an ɗaure wani mai gidan abinci a Yorkshire shekara 6, don ya musanya garin almon da mai gyaɗa saboda araha, mutum ya mutu.

Makon farko ka yi rajista da likitan unguwa. Fam 776 kake biya duk shekara na lafiya, kada kunya ta hana ka cin kuɗinka. Ka nemi a tura ka gwaji, layin yana da tsawo. In an rubuta maka allurar adrenalin irin su EpiPen, biyu ake yawo da su. A gefen cinya ake cakawa, ko ta kan wando, a kira 999, lambar gaggawa, ka kwanta a ɗaga ƙafafunka. In minti 5 ya wuce ba sauƙi, a caka ta biyu. Koya wa abokin zamanka, ka kuma ware wuƙarka da cokalinka, don ɗalibai ba sa rabuwa da shafa gyaɗa a burodi.

Akwai inda Hajiya ta fi ni gaskiya a kan ba jarirai gyaɗa, ba na musu. Binciken King's College London na 2015 ya nuna ba jarirai gyaɗa da wuri yana rage alajin da kusan kashi 80 cikin 100, ni kuwa hana 'yata na yi don tsoro. Amma wannan na jarirai ne. Kai da jikinka ya riga ya ƙi, kada wani ya ce ka riƙa lasa kaɗan-kaɗan har ka saba.

Na san ana shirin daka maka yaji. Ka ce kada a sa ƙuli a ciki, barkono da citta da kanumfari sun isa. Kilishi kuma ko ba alaji ba a shigo da nama, kwacewa za a yi. Turo min ranar saukarka.