Tayil da Bangon Talabijin: Wanne Ake Fara Yi a Falo?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka fara shimfiɗa tayil a falo, alhali daɓe ya bushe kaya kuma suna ajiye, sai mun gama shawara a kan bangon da talabijin zai zauna. A ganinka bango aikin kafinta ne da mai wayarin, ƙasa kuma aikinmu. Tambayarka tana kan hanya. Amsarta kuwa ita ce, a ɗakin da iyali ke zama, ƙasa da wannan bango aiki ɗaya ne, kuma bangon ne ke faɗa wa tayil inda zai fara, ko da yake shi ake ƙarasawa a ƙarshe.

Ka lura da mutumin da ke zaune a kujera. Idonsa yana kan talabijin, layukan tayil kuma suna tashi daga ƙarƙashin ƙafarsa suna miƙewa zuwa wannan bango. Idan tsakiyar talabijin ta kauce wa layukan ko da da santimita 10 ne, maigida ba lallai ya iya faɗin abin da ke damunsa ba, amma kullum zai riƙa jin ɗakin a karkace. Saboda haka abu na farko shi ne a sa alama a tsakiyar inda talabijin zai rataya, a sauko da ita ƙasa, a ja zare daga nan har ɗaya ƙarshen falon. A kan zaren nan ko dai haɗin tayil biyu ya hau, ko tsakiyar tayil guda. Kada ka ɗauki jikin bango ya zama ma'auninka, domin da wuya ka sami ɗakin da kusurwoyinsa suka daidaita sarai. Ka fitar da taka kusurwar: daga wuri ɗaya ka auna mita 3 a kan zaren, mita 4 a gicciye, idan tsakanin ƙarshensu ya ba ka mita 5, kusurwa ta tsaya. Daga nan ka jera tayil a bushe ba tare da gam ba, ka ga abin da zai rage a gefe da gefe. In siririn yanki ne zai faɗo a bakin ƙofa ko a gaban kabad, ka matsar da jerin da rabin tayil.

Ba kuwa za ka san wannan tsakiya ba sai ka san girman talabijin da mazaunin kujera. Talabijin mai inci 65 faɗinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, kuma ana jin daɗin kallonsa daga wajen mita 2 zuwa 3. Tsakiyar fuskarsa ta dace da idon wanda ke zaune, wato wajen santimita 105 zuwa 110 daga saman tayil. Ka riƙe wannan da kyau: daga saman tayil, domin kaurin gam da na tayil suna cin santimita ɗaya da wani abu, wanda ya auna daga daɓe kuwa zai tarar soket da kantar ajiye kaya duk sun sauka. Mutane da yawa suna son a ɗaga talabijin sama don ya yi kwarjini, ni kuma ina ba su shawarar su bari, domin wuyan yara da na tsofaffi ne zai sha wahalar.

Duk wata fasa bango a gama ta kafin tayil ya sauka. A binne bututu mai faɗin milimita 40 zuwa 50 daga bayan talabijin zuwa cikin kabad, yadda kan wayar HDMI, wato wadda ke kai hoto da sauti zuwa talabijin, zai wuce ba tare da an tilasta shi ba, wayar wuta kuma ta bi nata bututun dabam. In za a sa sifika a bayan kujeru, yanzu ne lokacin bi da wayarta ta ƙarƙashin daɓe.

Game da zaɓen tayil, a nan ne na fi yin gardama da masu gida. Mai sheƙi yana ɗaukar ido a wurin sayarwa, amma a gaban talabijin sai ya zama madubi, ya riƙa dawo da hasken hoto da na taga cikin idon mai kallo, ga santsi idan ruwa ya zube. Wanda ba ya sheƙi, mai launin toka ko na yashi ko mai zanen katako, shi na fi so a falon iyali, domin yana ɓoye ƙura da sawu, kuma yana barin bango ya zama abin kallo. In bangon zai sha ado, ƙasa ta yi shiru. Nau'in da ake kira fosilin ya fi ƙarko, saboda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, sai dai wannan ne ya sa siminti da yashi kaɗai ba sa riƙe shi yadda ya kamata, dole sai gam ɗin da aka yi dominsa. Manyan tayil irin masu faɗin santimita 60 da tsawon 120 suna faɗaɗa ɗaki don layukansu kaɗan ne, amma ba sa yafe wa daɓe mai tudu da kwari: ka ɗora madaidaicin ƙarfe mai mita 2, in giɓin ya wuce milimita 3, ka gyara daɓen tukuna. Dogon tayil yakan ɗan yi doro a tsakiya tun daga wurin gashi, don haka kada ka jera shi rabi da rabi irin na bulo, gocewar kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa. Ka shafa gam da cokali mai haƙora, ka shafa a bayan tayil ɗin ma, sannan ka duba lambar launi a jikin kwalaye ka tabbatar duk ɗaya ce.

Tayil ya shiga har ƙarƙashin inda kabad zai tsaya, domin iyali sukan sauya talabijin da kabad tun kafin tayil ya tsufa. Ka bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, da wajen milimita 6 a gindin bango, saboda yana motsi da zafi da sanyi, in ya rasa wurin motsawa kuma sai ya kumbura ya tashi. Na fi son kabad mai rataya a bango, wanda tsintsiya ke shiga ƙarƙashinsa, ruwan goge ƙasa kuma ba ya taɓa katakonsa, a bar masa hanyar iska a baya don dikoda da sauran na'urori. Ƙarfen da ke ɗauke da talabijin kuwa a cikin bulo ake kafa shi, ba a jikin katako ko tayil ɗin ado ba.

Akwai abin da ƙananan ma'aikata ke mantawa, wato sauti. Tayil da filasta da gilashin taga duk suna mayar da murya, har maganar da ke fitowa daga talabijin ta riƙa cakuɗewa, a yi ta ƙara sauti ba a ji da kyau. Ka gaya wa maigida tun da wuri cewa kafet tsakanin kujera da bango, da labule mai kauri, suna cikin aikin. Bayan ka gama cike layuka sun bushe, ka rufe ƙasan da kwali kafin kafinta ya shigo da tsani da guduma, ka kuma ware wa masu gidan kwali guda na tayil ɗin su ajiye, domin ranar da ɗaya ya fashe da wuya a sake samun launinsa daidai.