Simintin da ya sha ruwa ba ya komawa gari

Wani mai sayar da kayan gini daga Funtuwa ya rubuto mini: "A watan Mayu na sayi siminti buhu 300 a kan naira 9,500 kowanne, na jibge a shago ina jiran ya yi tsada. Yanzu na tarar buhu 60 sun daskare. An ce in kai injin niƙa, in gauraya da sabo in sayar. Ya kake gani?"

Alhaji, wanda ya ba ka wannan shawara ba masoyinka ba ne. Amma tun kafin maganar niƙa ka tafka kuskuren: ka ɗauki siminti kamar gishiri, kayan da za a ajiye ya jira kasuwa.

Gishiri in ya ji danshi ya dunƙule, ka shanya, ka daka, gishirinka ya dawo. Kamanninsa ne kawai suka sauya. Siminti ba haka yake ba. Farin dutse ake haƙowa a haɗa da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin wajen digiri 1,450, sannan a niƙe. Garin nan jiran ruwa yake yi, kuma sau ɗaya tak yake aikinsa. Da ruwa ya taɓa shi sai sinadaransa su haɗe da ruwan su zama wani abu dabam. Ba bushewa ya yi ba, kamawa ya yi, shi ya sa ma birkila ke yi wa sabon gini ban ruwa don ya ƙara ƙarfi. Ka taɓa ganin kindirmo ya koma madara? To in ka niƙa buhunan nan, garin dutse za ka samu a cikin rigar siminti.

Na san wani mai buga bulo da ya yi wannan dabarar. Ana sauke bulon daga mota gefensa na marmashewa kamar ƙuli-ƙuli. Magina ba sa ɓoye irin wannan labari. Kafin damina ta fita ko almajirin gini ba ya leƙa wurinsa. Shi ma da sauƙi, tunda katanga ba ta faɗa kan ɗan kowa ba.

Ka je shagon da kanka, ban ce ka aiki yaro ba. Ka mirgina kowane buhu, ka buɗe waɗanda kake zargi, ka murza dunƙulen da yatsa. Wanda ya farfashe ya zama gari, nauyin na sama ne ya danne shi, lafiyarsa lau. Wanda ya ƙi, ya tafi. In duk sittin ɗin ne, naira 570,000 ke nan. Ka rubuta ta asara a littafi. Mai cike rami zai iya saye a araha, muddin ka faɗa masa gaskiya.

Ni sauran 240 ɗin ne suka fi damuna. Ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba suna shan laimar iska, kuma bayan wata uku ƙarfinsu raguwa yake yi. Ka ɗora su a kan katako, ka janye su daga bango, kada jeri ya wuce buhu goma, ka rufa da tamfol. Sannan ka sake su a farashin yau, ko ribar ɗari biyu ce a buhu. Mai siminti da juyi yake ci. In ɓoyon kaya kake sha'awa, ka sayi rodi ko kwanon rufi, su ma ka nisanta su da ruwa.

Wai ma yaushe rabonka da ɗaga kai ka dubi rufin shagon nan?