Wane faifan ajiya zai yi aiki da tsohuwar kwamfutata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da wanke hotuna a Aboabo, Kumasi. Kwamfutar tebur ce gare ni, tsohuwa mai Windows XP, kuma cikinta ya cika maƙil. A Adum an nuna mini faifan ajiya na waje mai 4TB. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi wannan. Faifan da ya wuce 2TB yawanci da GPT yake zuwa, wato sabon tsarin raba faifai, XP mai 32-bit kuwa tsohon tsarin, MBR, kaɗai ta sani, shi kuma iyakarsa 2TB. Za ka jona, fitila ta kama, amma faifan ba zai fito ba. Nemi 1TB ko 2TB, a tsara maka shi da MBR da tsarin adana fayil na NTFS. Ka guji tsarin FAT32, domin ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, bidiyon biki guda zai iya gagararsa.

Inda aka fi shan wahala shi ne wuta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, USB 3.0, mai shuɗin harshe, 900. Ƙaramin faifai mai inci 2.5 daga ramin yake shan wuta, kuma lokacin tashi ya fi buƙata. In ba ta ishe shi ba, sai ka ji yana ƙas-ƙas, ya bayyana ya ɓace. Jona shi a ramukan bayan kwamfuta, da gajeruwar wayar da ya zo da ita. In ya ƙi, nemi waya mai kai biyu, mai jawo wuta daga ramuka biyu. Babba mai inci 3.5 yana da adaftarsa ta bolt 12, amma da dumso ta ɗauke wuta ana cikin kwafi, fayil na iya lalacewa, sai dai in kana da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci.

Faifan USB 3.0 zai yi aiki a tsohon rami, sai dai gudun ba zai wuce kamar 35MB a daƙiƙa ba. Duba bakin wayar da zai shiga kwamfuta ya zama USB-A mai faɗi.

Kafin ka ba da kuɗinka, a buɗe manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo a gabanka: zai nuna awannin da faifan ya yi aiki, don akan sa tsoho cikin sabon kwanso. In 1TB ya nuna 931GB, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne.