Me za a sake dubawa a dokar leƙen asiri tunda tana nan?

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana cewa a sake duba dokokin da suka ba jami'an tsaro damar sauraron wayar mutane da bibiyarsu a intanet. Tunda dokar tana nan me kuma za a duba? Ni dai ba ni da abin ɓoyewa.

Amsa: Ɗan'uwa, dokar ce ke tsufa ita kuma fasaha ba ta jira. Dokar FISA ta Amurka, wadda ta tsara yadda jami'an leƙen asiri za su saurari mutane, a 1978 aka yi ta, lokacin jami'i layi ɗaya zai kama ya saurari mutum ɗaya, yanzu kuwa na'ura za ta kwashe bayanan miliyoyin mutane, wa ya kira wa, ƙarfe nawa, daga ina, ba a ji ko kalma ɗaya ba amma an san likitan da kake gani da lauyan da kake nema, to ka ga ko ba ka da laifi kana da sirri.

Kuma galibi cikin firgici ake rubuta irin wannan doka. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 makonni kaɗan Amurka ta yi dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot Act, sai a 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka aiki, ya fallasa cewa an fake da sashe na 215 na dokar ana tara bayanan kiran wayar Amurkawa a dunƙule, a 2015 majalisa ta taka wa abin birki.

Ni in aka ba ni doka irin wannan, farkon abin da nake nema shi ne wa ke sa hannu. In hukumar da ke son sauraron ita ce ke ba kanta izini, gaskiya ba a yi komai ba. Birtaniya a dokarta ta 2016 ta ce minista ya sa hannu sannan alƙali ya amince. Sai batun sanar da mutum bayan an gama bibiyarsa, wannan ya fi damuna, don wanda bai san an saurare shi ba ta yaya zai kai ƙara? Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a 2021 ta samu dokar sauraron waya ta ƙasar, wato RICA, da saɓa wa tsarin mulki, kuma rashin sanarwar nan na cikin dalilanta.

A duba kuma ko dokar tana da ranar ƙarewa, yadda dole gwamnati ta koma majalisa ta kare buƙatarta. Sashe na 702 na FISA haka yake, a 2024 shekara 2 kacal aka ƙara masa.