Jaridar New Nigerian ta wace ce?

Tambaya: Malam, na buɗe adakar marigayi mahaifina na tarar da ƙunshin tsofaffin jaridun New Nigerian. Baffana ya ce jaridar Sardauna ce, malaminmu kuma ya ce ta gwamnatin tarayya ce. Wa ke da gaskiya?
Daga wani ɗalibi a Daura.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, baffanka da malaminka duk sun yi gaskiya, sai dai kowa da zamanin da ya riƙe.

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta a Kaduna, ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, ta maye gurbin Nigerian Citizen da Kamfanin Gaskiya ke bugawa a Zariya. Ta fara fita ranar 1 ga Janairu, 1966. Mako biyu tsakani aka kashe Sardauna. Duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta sosu: ya dasa itace, bai sha inuwarsa ba.

Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai jaridar ta zama ta haɗin gwiwarsu. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta karɓe ta, a lokacin da ta karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times ta Legas. Nan maganar malaminka ta shigo. A 2006 aka mayar da ita hannun jihohin Arewa 19, har da tamu Katsina.

A ganina nan ciwon da ya durƙusar da jaridar yake. Masu abu sun kai 19, kowa na jiran wani ya fara sa hannu a aljihu. Ni da na taso ina jiran motar Kaduna ta iso Katsina da jarida don in kai wa mahaifina, rashin ganinta a hannun masu talla yana ci mini rai.

Ka duba shekarun da ke jikin naka. In sun faɗo daga 1969 zuwa farkon shekarun 1970, to ɗan garinku ne edita, Malam Mamman Daura, wanda ya gaji Malam Adamu Ciroma. Ka nemi filin sharhi na Candido da ke cikinta ka karanta, ka ga yadda jaridar gwamnati ke faɗa wa gwamnati gaskiya.

Don Allah kada a naɗe ƙosai da su. Ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara da laima, in kuma ajiyar ta fi ƙarfinka, ka tuntuɓi Gidan Arewa da ke Kaduna, inda ake adana irin waɗannan takardu.